Kafin Ka Miƙa Kuɗin Jita: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙu uku ne suka zo a kan jita a wannan makon, duk daga nan Jos.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, ina zaune a Anguwar Rogo. Wata shida ke nan ina tara kuɗi in sayi jita in koya. Wani abokina ya ce in sayi ta lantarki, wani kuma ya ce mai tsirkiyar nailan ta yara ce. Na rasa maganar wa zan bi.

Amsa: Ƙanena, ajiye batun ta lantarki tukuna. Ita kaɗai ba ta da murya, sai an haɗa ta da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, da waya, ga wutar da kai ma ka san halinta. Tarin wata shida zai rabu gida biyu, ka tashi da jitar banza da amfilifayar banza.

Saura biyu, mai tsirkiyar nailan da mai ta ƙarfe. Wanda ya ce ta nailan ta yara ce bai san jita ba. Ta fi taushi a yatsa, sai dai wuyanta na da faɗi, kusan milimita 52, alhali na ta ƙarfe bai cika wuce 43 ba. Ta ƙarfe ta fi kaifin sauti, amma makonni biyu zuwa ukun farko kan yatsunka za su yi zogi har su yi kanta. Masu koyo da yawa kan fara da Yamaha C40 a ɓangaren nailan, ko F310 a na ƙarfe. Farashi kuwa dala yake bi, ka zaga shago uku kafin ka ciro ko sisi. Kuma kada wani ya ruɗe ka ka ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar nailan, ƙarfin janta zai ɓalle jakin, wato ɗan katakon da ke riƙe tsirkiyoyi a fuskar jitar, ya lanƙwasa wuyan.

Amma duk wannan ba shi ne ke sa masu koyo su haƙura ba. Tazarar da ke tsakanin tsirkiya da wuyan jitar ce. Jitata ta farko a wani shago kusa da Taminus na saye ta, don kawai ja ce tana ƙyalli. Tsirkiyoyin sun yi sama kamar igiyar shanya, kowace dannawa sai na cije leɓe. Bayan wata ɗaya na rataye ta a ƙusa, na yi shekara ina cewa ba ni da baiwa. Ashe laifin jitar ne.

Ga yadda za ka gwada a shago. Ƙirga ƙarafan da ke gicciye a wuyan jitar har na 12. Haɗa katin ATM guda huɗu, kowanne kaurinsa milimita 0.76 ne, ka zura tsakanin wannan ƙarfen da tsirkiyar da ta fi kauri. In ta ƙarfe ce, suka shige har da sauran fili, mayar wa mai shago kayansa, komai daɗin bakinsa. Ta nailan kan yi ɗan sama, a ba ta kati biyar. Daga nan ka danna kowace tsirkiya a kowane gida, wato filin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, tun daga sama har ƙasa, ka kasa kunne ko za ka ji ziza. Sai ka ɗaga jitar ka leƙi tsawon wuyan da ido ɗaya, yadda kafinta ke duba katako. In ya murɗe, babu gyara mai araha. Ka tafi da wanda ya iya kaɗawa, ko da kai za ka biya masa kuɗin keke.

Sunan kamfani kuwa kada ya ɗauke maka hankali, ana manna na jabu. Mu da Ɗan Maraya Jos ya cika duniya daga garinmu da kuntigi mai tsirkiya ɗaya har ya rasu a 2015, bai kamata tambari ya firgita mu ba.

Tambaya: Na ga wani a Facebook yana sayar da jita ta hannu a Bukuru. Ya ce zallan katako ce, ba filawud ba, kuma in tura rabin kuɗi ya ajiye mini.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka tura ko kobo sai ka riƙe ta a hannunka. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Batun zallan katako kuwa, gaskiya ne ya fi daɗin sauti, amma kai a Filato kake. Jita ta fi son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturun Disamba da Janairu kuwa kan kai shi ƙasa da haka nesa. Iskar da ke tsaga maka leɓe da diddige ita ce ke tsaga fuskar jita, kuma zallan katako ya fi saurin tsagewa. Filawud, da yake falle-falle ne aka manne a gicciye, ya fi juriya. Ga mai koyo a nan, ni filawud zan zaɓa, ba kunya a ciki.

In ka je ganinta, shafa hannu a gefen wuyan. Idan bakin ƙarafan na kartar ka, katakon ya bushe ya tsuke. Duba fuskar a hasken rana ko akwai tsaga, musamman bayan jaki, sannan ka gwada zura takarda ƙarƙashin jakin. In ta shige, ya fara ɗagowa. Tsatsar tsirkiya ba komai ba ce, a canza, amma ka rage kuɗinta a ciniki. Idan ka saya, lokacin hunturu ka riƙa ajiye ta a jaka tare da soso mai ɗan danshi a cikin gidan sabulu da aka huhhuje. Kada ta kwana kusa da kaskon gawayi, kada ta wuni a but ɗin mota.

Tambaya: 'Yata shekararta tara, bahaguwa ce, ta dame ni da maganar jita. Muna Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, a nema mata ƙaramar ta nailan, wadda ake cewa 3/4 saboda ba ta kai girman ta manya ba, a shagon kayan kiɗa, ba wajen masu kayan wasan yara ba, don waɗancan ba sa riƙe saiti. Hagunci ba cikas ba ne. Mdou Moctar na Nijar da hagu yake kaɗawa, kuma jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. A miƙa mata jitar a shago a ga yadda za ta rungume ta da kanta. In ta juya ta hagu, a kai wa mai gyara ya juya tsirkiyoyin, abin da ya fi sauƙi a ta nailan. A tambayi mai shago kuɗin wannan aikin tun kafin a gama ciniki.