Jitar bes mai sunan fitaccen makaɗi

Ka tambaya ko jitar bes (jita mai kaurin sauti) mai ɗauke da sunan fitaccen makaɗi ta cancanci ƙarin kuɗinta. Ta cancanta, amma fa sai in ainihin sautin mutumin kake nema. In ba haka ba, samfurin Jazz Bass na kamfanin Fender marar sunan kowa ya ishe ka.

Shawarata, ka duba maɓallanta kafin sunan. Jazz Bass mai sunan Geddy Lee, makaɗin bes na ƙungiyar Rush, maɓallai 3 gare ta kacal, ba ruwanta da batir. Jitar Sire V7 mai sunan Marcus Miller, wani fitaccen makaɗin bes, kuwa, duk da sauƙin farashinta, batir biyu masu bolt 9 take ci, ga maɓallai jingim da na sha ganin sun rikita sabon shiga ana tsakiyar kiɗa. Alherinta, in batir ya ƙare akwai makunnin da zai sa ta ci gaba da aiki ba tare da shi ba.