Tambaya da Amsa: Yaushe aka fara ɗaukar mata aikin hidimar fasinja a jirgin sama?

TAMBAYA: Malam, 'yata ta kammala sakandare tana neman yardarmu ta shiga aikin hidimar fasinja a jirgin sama, dangi kuwa suna cewa aikin ado ne kawai. Yaya wannan aiki ya faro, kuma mene ne asalin yunifom ɗin da suke sawa? Daga wata uwa, Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Hajiya, maza ne suka fara wannan aiki. Wanda tarihi ya fi ambata shi ne Bajamushe Heinrich Kubis, wanda ya fara hidima a 1912 a cikin jiragen Zeppelin masu tashi da iskar gas. Mata sun shigo ne a 1930, lokacin da wata nas mai suna Ellen Church ta shawo kan kamfanin Boeing Air Transport na Amurka da hujjar cewa ganin ma'aikaciyar jinya zai kwantar wa fasinjoji hankali, domin jiragen wancan zamani ƙasa-ƙasa suke tafiya, iska tana girgiza su, amai da fargaba kuwa ba sa yankewa. Ta fara aiki ranar 15 ga Mayu, daga Oakland zuwa Shikago, ita ce shugabar rukunin mata takwas na farko.

Sharuɗɗan wancan lokaci suna da tsauri: dole mace ta kasance nas, marar aure, shekarunta ba su haura 25 ba, nauyinta kuma bai wuce fam 115 (kimanin kilo 52) ba, albashi dala 125 a wata. Bayan rabon abinci, sukan ɗauki jakunkuna, su ɗaure kusoshin kujeru, wani lokaci ma su taya maza tura jirgi cikin rumfa. Hana su aure kam zalunci ne a ganina, kuma an ɗauki shekaru da dama kafin a kawar da shi. Sharaɗin zama nas ya faɗi ne a Yaƙin Duniya na Biyu, da aka kwashe ma'aikatan jinya zuwa fagen daga.

Yunifom na farko kwat ne na ulu, kore mai duhu, da hula da mayafi mai kama da alkyabba, saboda sanyin da ke ratsa jirgin ba kaɗan ba ne. Kayan ƙawa na manyan teloli sun biyo baya ne da kamfanoni suka shiga gasar neman fasinja. Har yau ginshiƙin horon shi ne agajin gaggawa, kashe gobara da fitar da mutane idan haɗari ya auku, don haka ku tuntuɓi Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da ke Zariya ku ji sharuɗɗan shiga.