Wai me ya kai Sarkin Zazzau Suleja?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kwanan baya muna cikin motar Abuja, da muka iso Suleja sai direba yace wai sarkin garin ma Sarkin Zazzau ne, nace masa sam ba haka bane, gardama ta kaure har muka sauka. Don Allah a warware min. Daga mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Gaskiyar direba ce, kuma wallahi abin yana damuna yadda mu Zazzagawa da yawa bamu san wannan labarin ba alhali namu ne.

Lokacin jihadin Shehu Ɗanfodiyo, Malam Musa ne ya karɓo tuta ya zo ya ci Zariya. Sarkin Zazzau na lokacin, daga zuriyar Haɓe (sarakunan Hausa na kafin jihadi), sunansa Muhammadu Makau, kuma yadda magabata ke bada labari, ya fita filin idi a bayan ganuwa ne aka far masa, komawa cikin birni ta gagara, dole ya nausa kudu da jama'arsa da bayinsa har Zuba cikin ƙasar Koro da Gwari. Ka duba fa, mutum ya fito sallah da kayan ado bai sake kwana a gidansa ba. Bai taɓa sauke sunan Sarkin Zazzau ba har aka kashe shi wajen yaƙi a Lapai a 1825.

Ƙaninsa Abubakar Jatau ya gaje shi, shi ake ce ma Abu Ja saboda farin mutum ne, shine ya kafa gari kusa da dutsen Zuma a 1828, garin ya ci sunansa, Abuja. Mayaƙan Zariya sun sha kai musu hari amma basu taɓa cin garin ba har Turawa suka shigo.

To a 1976 da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar ɗauke babban birni daga Legas, sai aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birnin, asalin garin kuma aka maida shi Suleja don girmama sarkinsu na lokacin, Sulaimanu Barau. Yanzu garin yana jihar Neja.

Sarakunanmu na nan Zariya kuwa daga gidajen bayan jihadi suke fitowa, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, su kuma na can jinin sarakunan Haɓe ne, shi yasa har yau ake ce ma nasu Sarkin Zazzau Suleja.