Tambayoyinku na Kicin: Sikon mai kayan ƙamshi da zabibi

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina son in yi sikon don baƙin da za mu yi a hutun Kirsimeti, amma ban san ma'auninsa ba. Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Sikon abincin shayi ne na mutanen Birtaniya, tsakanin burodi da kek yake, kuma a lokacin Kirsimeti sukan ƙara masa kayan ƙamshi da busassun 'ya'yan itace. Don guda takwas, ki tanadi fulawa giram 350 (kofi uku ba kaɗan), bekin hoda ƙaramin cokali 4, bota mai sanyi giram 85, sukari babban cokali 3, madara mililita 175, zabibi giram 100 da ɗan gishiri. Kayan ƙamshin kuwa, kirfa ƙaramin cokali ɗaya, garin citta rabin cokali, gyaɗar ƙamshi kwatan cokali. Kanumfari abin da yatsu biyu suka ɗauka ya isa, in ya yi yawa shi kaɗai za a ji.

Ki tankaɗe busassun kayan tare. Ki yanka botar ƙanana, ki murza ta cikin fulawar da kan yatsu har ta yi wara-wara kamar tsaki. Sai sukari da zabibi, sannan madara. Ki juya da wuƙa har ya haɗu, ki tsaya nan. Ki zube a faranti mai barbaɗen fulawa, ki danna da tafin hannu ya kai kaurin santimita 3, ki yanka da bakin ƙaramin kofi. A shafa ruwan ƙwai a samansa kawai, a gasa minti 12 zuwa 15 a obin da ya riga ya kai digiri 220.

Tambaya: Hajiya, nawa fitowa yake a kwance, ga tauri, wani kuma ya karkace gefe guda. Ina matsalar take? Daga Zariya.

Amsa: Galibi hannu ne ya yi yawa. Wadda ta saba da kwaɓin cincin ko burodi takan so ta murza har ya yi santsi, sikon kuwa ba ya son haka. Murzawa tana sa fulawa ta yi danƙo, danƙon ne ke zama tauri bayan gashi. Kwaɓin da ya yi daidai za ki gan shi da ɗan kaushi, yana ɗan manne wa yatsa. Kada ki ƙara fulawa don ki gyara shi.

Sai bota. Gutsattsarinta masu sanyi ne ke narkewa a cikin wuta su saki tururi, sikon ya tashi ya rabu hawa-hawa. In ta narke tun a hannunki, babu wannan. Sanyin hunturun Disamba zai taimaka miki, amma in kicin ya ɗumama, ki sa yankakken kwaɓin a firji minti 15 kafin gashi. Ki kuma gwada bekin hodarki: ki zuba rabin cokali a ruwan zafi, in bai yi kumfa nan take ba ya mutu, ki sayi sabo.

Karkacewa kuwa daga yanka ne. Ki tsoma bakin kofin a fulawa, ki danna shi tsaye ki ɗago, ban da murɗawa. Murɗawa tana liƙe gefen, haka ma ƙwan da ya zubo ta gefe.

Tambaya: Ba ni da obin, kuma zabibi ya yi tsada. Akwai dabara?

Amsa: Akwai. Dabino mai laushi da aka yanka ƙanana yana maye gurbin zabibi, sai dai ki rage sukari zuwa cokali biyu, ki goga ɓawon lemun zaƙi guda a ciki. Wurin gashi, ki zuba yashi a babbar tukunya, ki rufe ta yi zafi sosai minti 15, ki ɗora faranti a kan murfin gwangwani don kada ƙasan ya ƙone, ki sa 'yan garwashi a kan murfin tukunyar don saman ya yi ja. Zai kai kamar minti 20. Ranar da aka gasa ake cinsa, da ɗuminsa, domin iskar hunturu tana busar da shi kafin gari ya waye. In ya kwana, a raba shi biyu a ɗumama a kasko da ɗan bota.