Tambaya da amsa: Ina da filin motoci a Zariya, dole ne sai na buɗe shafin intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina da ɗan filin sayar da motoci a wajen Kwangila, ba na rasa mota 12 zuwa 15 a ƙasa, Beljiyam da na hannu. Wani yaro ya zo ya ce zai buɗe min shafin intanet kuma ya riƙa yi min talla a Facebook ina biyansa duk wata, yarana kuma sun ce status ɗin WhatsApp ya ishe mu. Wanne zan bi? In kuma na yarda me zan nema a wajensa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka buɗe, amma ba da shi za ka fara ba. Status yana kawo ciniki, sai dai awa 24 yake yi ya ɓace, kuma wanda bai ajiye lambarka ba ba zai taɓa gani ba, to ka ga malamin jami'a da ke Samaru ko ɗan kasuwar Funtuwa da ya ɗau waya yana neman Corolla ba shi da hanyar da zai san da kai. Ka fara da na kyauta: a sa filinka a taswirar Google ta Google Business Profile, da hoton ƙofa da lambar waya da lokacin buɗewa, sannan ka koma WhatsApp Business ka jera motocin a katalog. Shafi ya biyo baya.

Shi kuma yaron, kafin ka ba shi ko sisi ku yi magana a kan mallaka. Adireshin shafin, ko .com.ng ne ko .ng, hukumar NiRA ce ke kula da su kuma duk shekara ake sabuntawa, to a yi rajistar da sunanka da imel ɗinka, shafin Facebook ɗin ma kai ne babban admin. Na ga dillalin da ya ɓata da mai yi masa aiki, yaro ya tafi da fasuwod, mabiyan da ya yi shekaru yana tarawa suka salwanta a dare ɗaya, wallahi har yau abin na min ciwo. Kuɗin tallar da ake biyan Facebook daban, ladan aikinsa daban, ya nuna maka rasit. Kuma ya gwada maka shafin a ƙaramar waya da data, ba a kwamfutarsa ba, in hotuna sun yi nauyi mutum rufewa zai yi ya wuce. Sannan ya koya wa ɗaya daga cikin yaranka sa mota da cire ta.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya sosai, abin da ake rubutawa a ƙarƙashin kowace mota, don a nan mafi yawan mutanenmu suke zubar da ƙimarsu. Hoton motar da ke filinka za ka sa, ba wanda aka kwaso a intanet ba, gaba da baya da ciki da inji da taya, da dashbod mota na kunne don a ga ko akwai wutar da ke nuna matsala. Ka faɗi shekararta, otomatik ce ko mai giya, Beljiyam ce ko an hau ta a gida, fas bodi ce ko an yi mata fenti, an taɓa inji ko ba a taɓa ba. Tafiyar da ta yi ma a bambance, motar Amurka da mil take ƙirga, mil 100,000 kuwa wajen kilomita 160,000 ne, ka ga in ka rubuta lamba kawai ka rufe mutum ko da ba ka yi niyya ba. Lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ce, ka ba duk wanda ya tambaya. Mai wayo zai sa ta a Carfax, shafin duba tarihin mota, ko ya nemo hotunanta na gwanjon motoci na Copart a Amurka ya ga hatsarin da ta yi kafin a ɗoro ta a jirgi, gara ya ji daga bakinka. Haka takardun kwastan, a watan Janairun 2017 an hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, shi ya sa mai saye yake tsoron motar da ta biyo ta Kwatano, in dutinka cikakke ne rubuta shi ɓaro-ɓaro, talla ce babba.

Farashi kuma don Allah a rubuta. Wannan "zo inbox" ɗin yana korar mai kuɗi a hannu, kuma yana ba 'yan kayi-nayi damar ɗora nasu a kai su yi ta yawo da hotonka. Ka sa farashi ka ce akwai ragi in da ragi. Motar da aka sayar a cire ta ranar, kar mutum ya taso daga Kaduna ya ƙona mai ya tarar ta tafi tun wancan satin. Ɓoye aibi haramun ne a ciniki, ka fi ni sani, kuma dokar kare masu saye ta 2018 wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa ta hana tallar yaudara.

Ka sa lambar rajistarka ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a shafin da asusun banki mai sunan kasuwancin, ka rubuta cewa ba ka karɓar kafin alƙalami a wani asusu daban, saboda 'yan damfara suna satar hotunan dillalai su buɗe shafin bogi. Dillalan mota suna cikin masu yin rajista da SCUML, sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, kuma dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biyan tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba. Lambobin waɗanda suka tuntuɓe ka amana ce, akwai dokar kare bayanai ta 2023, kar a zuba su a guruf ba izini.

Tallar kuɗi a fara da kaɗan, a saita ta Zariya da Kaduna da Kano da Funtuwa. Duk ƙarshen wata kar ya kawo maka lissafin layik, ka sa yaranka su riƙa tambayar duk wanda ya kira ko ya zo a ina ya ga motar, su rubuta a littafi. In wata uku suka wuce littafin bai nuna komai ba, ku sake zama da shi.