Wajen wa za a kai kyamarar Leica M a daidaita mata ma'aunin nisa?

Malam, ka ce hotunan da kake ɗauka da gilashin Summilux a f/1.4, wato ramin shigar haske a buɗe sosai, suna fitowa dishi-dishi, kana kuma neman inda za a gyara. Kafin ka nemi mai gyara, ka ɗora kyamarar a kan ƙafa uku, ka jingine rula a karkace a nisan mita ɗaya, ka saita kan lamba guda a jikin rular ka ɗauki hotonta, domin a wannan buɗi abin da ke fitowa sarai bai wuce 'yan santimita ba, kuma rawar hannu kaɗai tana iya jawo kuskuren. Da dare ka auna farin wata: idan siffofi biyun da ma'aunin nisa ke nunawa a tagar leƙawa ba su haɗu ba alhali gilashin yana ƙarshen nisa, saitin ya goce.

Kamfanin Leica yana wannan aiki a Wetzlar ta Jamus, sai dai akan jira. Idan mai zaman kansa ka zaɓa, ka tambaye shi ko yana da na'urar kolimeta, wadda ake gwada saitin nisa da ita, kuma ka kai masa kyamarar tare da gilashin, saboda laifin kan kasance a ɗayansu. Ni dai ba zan miƙa ta ga wanda dijital zalla ya saba gyarawa ba.