Abin da nake dubawa a matashin ɗan hoki kafin zaɓen NHL

Assalamu alaikum. Malam, tambayarka kashi biyu ce. Ka nemi sanin abin da ake dubawa a wasan yaro ɗan shekara 17 kafin a ce ya cancanci zagayen farko a zaɓen 'yan wasa na NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar matasa bi da bi kowace shekara, sannan ka tambaya ko shirin ƙasa irin na Amurka, mai tara fitattun yara a tawaga ɗaya, ya fi gasannin matasa na Kanada fitar da gwanaye. Ni ba ma'aikacin wata ƙungiya ba ne, ɗan kallo ne da ya daɗe a kudancin lardin Ontario yana bin wasannin OHL, gasar matasa ta yankin, yana kuma tsallaka iyaka jefi-jefi zuwa Plymouth a jihar Mishigan domin ganin tawagar matasan Amurka. Abin da shekarun nan suka nuna mini shi ne makin da aka rubuta a gaban sunan yaro, wato ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci, ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma aikin mai auna shi duka yana ga rarrabe abin da ya yi da ƙarfin kansa daga abin da shekarunsa, gasarsa da abokan wasansa suka yi masa.

Ranar haihuwa ita ce farkon abin da nake nema. Dokar NHL ta ce sai wanda ya cika shekara 18 zuwa ranar 15 ga Satumba zai shiga zaɓen wannan shekarar, don haka a cikin rukuni guda ana samun wanda ya girmi ɗan'uwansa da kusan shekara ɗaya cur, kuma a wannan zango na rayuwa wata 11 kan sauya tsawo, nauyi da ƙarfin ƙafa. Auston Matthews an haife shi ranar 17 ga Satumban 1997, kwana biyu kacal suka hana shi shiga zaɓen 2015, sai ya tafi Zurich ya buga kaka guda tare da manya kafin Toronto ta ɗauke shi na farko a 2016. Idan yara biyu suka tashi da maki kusan ɗaya, ɗaya haifaffen Oktoba ɗaya na Agustan da ya biyo baya, na Agustan ya fi burge ni, domin ya kai inda ya kai da jikin da bai gama ginuwa ba. Matsalar ma ta fara tun daga ƙasa, saboda a Kanada ana raba yara ne bisa shekarar haihuwa, ta yadda haifaffen Janairu yakan fi takwarorinsa girma tun yana ɗan shekara 9, a zaɓe shi a babbar tawaga, ya samu koci mafi kyau da ƙarin lokacin atisaye. Roger Barnsley da abokan aikinsa sun nuna wannan karkata tun a shekarun 1980, har yau kuma ba ta gushe ba.

Bayan haka sai gasar da yake bugawa. Maki 90 a OHL ko WHL, takwararta ta yammacin Kanada, inda ake wasa 68 a kaka tsakanin 'yan shekara 16 zuwa 20, ba a ɗora su a sikeli ɗaya da maki 10 a babbar gasar Finland, inda yaro ke gogayya da magidanta kuma ba lallai ne a ba shi fiye da 'yan mintuna a fili ba. Juraj Slafkovsky maki 10 ya samu a wasa 31 da ƙungiyar TPS, amma Montreal ta ɗauke shi na farko a 2022 ta bar Shane Wright, wanda aka shafe shekaru ana cewa shi ne zai zo na farko, ya gangara zuwa na huɗu. Cale Makar kuwa daga Brooks Bandits ya fito, a gasar lardin Alberta da ba ta kai WHL ƙarfi ba, kuma masu shakka sun ce ai da ƙananan abokan hamayya yake wasa, duk da haka Colorado ta ɗauke shi na huɗu a 2017 kuma ba ta yi da-na-sani ba.

Inda aka fi ruɗuwa shi ne batun abokan sahu, wato 'yan gaba ukun da ke shiga fili tare, kuma misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Finland a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Helsinki a 2016. Sahunsu na farko mutum uku ne: Jesse Puljujärvi da Patrik Laine a gefe biyu, Sebastian Aho a tsakiya. Sun ci kofin a gida, Puljujärvi ya tashi da maki 17 a wasa 7 aka ba shi kyautar gwarzon gasa, kuma da bazara ta zo aka ɗauki Laine na biyu, Puljujärvi na huɗu. Aho, wanda Carolina ta riga ta samu a lamba ta 35 shekara guda kafin nan ba tare da wata hayaniya ba, shi ne ya zama ginshiƙin ƙungiyarsa shekara da shekaru, alhali Puljujärvi ya yi ta fama a Edmonton bai taɓa zama abin da aka zata ba. Duk wanda ya sake kallon waɗancan wasanni da natsuwa zai ga wane ne yake karɓo ƙwallo daga baya, wane ne yake rage gudu a daidai lokacin da masu tsaro suka ja da baya, wane ne kuma yake buɗe wa sauran biyun hanya. Gasa ce ta kwana goma sha ɗaya, amma nauyin da ake ɗora mata ya fi ƙarfinta, domin ita ce kaɗai mafi yawan mutane suke gani a talabijin.

Sai dai wannan tambaya ta wane ne ya ɗauki wane tana iya ɓatar da mutum ta ɗaya ɓangaren. Cole Caufield ya zura ƙwallo 72 a kakar 2018 zuwa 2019 a tawagar Amurka ta 'yan ƙasa da 18, amma aka ce gajere ne, kuma abokin sahunsa Jack Hughes ne yake ajiye masa ƙwallo a gaban raga. Ƙungiyoyi suka yi ta tsallake shi har Montreal ta same shi a lamba ta 15. Abin da takarda ba ta nuna ba shi ne yadda yake sulalewa daga idon mai tsaro ya bayyana a wurin da babu kowa, da yadda yake sakin ƙwallo kafin gola ya gama juyowa, kuma waɗannan biyun nasa ne, ba Hughes ya ara masa ba.

Saboda haka idan na je kallo nakan hau can sama ta kusurwa, inda masu farauto 'yan wasa suke zama da littattafansu, in zaɓi yaro ɗaya in bi shi da ido ko da ƙwallo tana wani gefen. Idan ɗan baya ne, lokacin da nake jira shi ne sa'ad da aka wurga ƙwallo bayan ragarsu ya juya ya bi ta, abokin hamayya na tafe a bayansa da gudu. Wani yaron kansa a sunkuye yake har ya isa, ya doka ta jikin katanga ta tafi inda ta ga dama. Wani kuma tun yana nesa ya waiga ta kafaɗar dama, ya sake waigawa ta hagu, ya karkata jiki kamar zai bi ta bayan raga, sannan ya juya ya miƙa wa ɗan tsakiyarsa ita a kan sanda. Duka abin bai wuce daƙiƙa uku ba, ba a rubuta masa maki ko ɗaya, amma shi ne zai rayu a NHL inda fili ya fi matsewa kuma lokacin tunani ya fi gajarta. Idan ɗan gaba ne, nakan ware makin da ya samu lokacin da abokan hamayya suka rasa mutum saboda hukunci, in duba abin da ya rage a wasan biyar da biyar, in kuma lura ko yana kutsawa tsakiyar fili gaban raga ko a gefe yake ta kewayawa. Nail Yakupov ya cika raga da ƙwallaye a ƙungiyar Sarnia ta OHL har Edmonton ta ɗauke shi na farko a 2012, amma wasan da ya dogara da gudu da ƙarfin bugu bai ishe shi ba da ya haɗu da masu tsaron da suka fi shi sanin inda za su tsaya, kuma a 2018 ya koma Rasha.

A ganina rashin saurin ƙafa ya fi rashin karanta wasa sauƙin gyara. Brayden Point ƙarami ne kuma ana kukan gudunsa, shi ya sa ya kai lamba ta 79 a 2014, amma Tampa Bay ta haɗa shi da mai koyar da gudun ƙanƙara Barb Underhill, ya zama cikin masu saurin gasar. Gwajin ƙarfi da ake yi gab da zaɓe kuwa ba na ba shi muhimmanci sosai. Sam Bennett a 2014 ya kasa ɗaga jikinsa a sandar lilo ko sau ɗaya, aka yi ta yi masa dariya, ga shi a 2025 shi aka ba kyautar gwarzon wasannin neman kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, tare da Florida.

Game da kashi na biyu na tambayarka, shirin Amurka an kafa shi ne a 1996 a Ann Arbor, ya koma Plymouth a 2015. Ana tara yara ashirin da 'yan kai mafi fice a kowace shekarar haihuwa, su zauna tare shekara biyu, su yi atisaye da ɗaga ƙarfe fiye da yadda ƙungiyar da ke yawon wasa 68 za ta iya, manyan cikinsu kuma su kara da tawagogin jami'a masu 'yan shekara 22 da 23. Amfaninsa ba a ɓoye yake ba, domin a 2019 mutum 8 daga tawaga ɗaya aka ɗauka a zagayen farko, kuma Amurka ta ci gasar 'yan ƙasa da 20 a 2021, 2024 da 2025. Amma ga mai aunawa wannan tarin gwanaye shi ne wahalar, saboda yaron da zai zama jagora a ƙungiyar matasa ta Kanada irin Kitchener ko Moose Jaw, a Plymouth yana sahu na uku ba a ganinsa, wani kuma yana haskawa ne don kowa a gefensa gwani ne. Kada kuma ka yanke hukunci da kofunan ƙasa da ƙasa. A gasar 'yan ƙasa da 18 ta Afrilu Amurka tana zuwa da tawagar da ta shekara biyu tare, Kanada kuwa tana haɗa waɗanda aka fitar da ƙungiyoyinsu daga wasannin ƙarshen kaka, alhali a gasar Hlinka Gretzky ta Agusta abin juyawa yake, Kanada ta kawo manyanta, Amurka ta bar 'yan Plymouth a gida.

Hukuncina shi ne shirin Amurka ya fi iya goge yaron da aka riga aka gano yana ɗan shekara 15, tsarin Kanada kuma, mai ƙungiyoyi kusan 60, ya fi ba wanda ya makara damar a gan shi. Zaɓen wuri ɗin ma ba tabbas ba ne ko a Kanada: Sean Day an ba shi izinin musamman na shiga OHL yana ɗan 15 a 2013, irin wanda aka ba Connor McDavid, tauraron NHL, shekara guda kafin shi, amma a lamba ta 81 aka ɗauke shi kuma bai samu gurbi na dindindin a NHL ba. Finland, mai mutane kusan miliyan biyar da rabi, ba ta da yaran da za ta zubar, shi ya sa bayan taron da hukumarsu ta yi a 2009 suka karkata ga koyar da kowane yaro fasaha shi kaɗai, kuma kofunan gasar duniya ta 'yan ƙasa da 20 na 2014, 2016 da 2019 suka biyo baya. Ka kuma sani cewa katangar da ta raba hanyoyin biyu ta faɗi, domin daga 2025 wanda ya buga gasannin matasa na Kanada yana iya shiga hokin jami'a a Amurka, kamar yadda Gavin McKenna ya bar Medicine Hat ta WHL zuwa jami'ar Penn State, don haka kwatancen da muka saba yi zai ƙara cakuɗewa.

Masu tsaron raga kuwa su ne suka fi kowa jinkirin nuna kansu, shi ya sa ƙungiyoyi ba sa son kashe zaɓen farko a kansu. Connor Hellebuyck bai bi ta Plymouth ba, a Odessa ta jihar Texas yake tsaron raga a ƙaramar gasa lokacin da Winnipeg ta ɗauke shi a lamba ta 130 a 2012, kuma ya ci kyautar gola mafi kyau a NHL a 2020, 2024 da 2025. Idan kana haɗa jerin matasan da suka fi cancanta kuma akwai gola a cikin goman farko, ka tanadi hujja mai ƙarfi fiye da kaka guda.